Jagorar Hadda Ga Mai Dabon Karta: Yadda Za Ka Tuna Wasa Idan An Ce "Yi Mana Ɗaya"

Saurayi a Kazaure ko Babura, ko a Roni ko Gwiwa, yana iya kallon dabon karta iri ashirin a waya cikin mako guda, ya gwada kowanne a ɗaki har ya ga kamar ya zauna masa. Sai ranar da ake zaune a majalisa bayan isha'i, ko a teburin mai shayi, ko a ɗakin kwanan ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wani ya miƙo masa tsohuwar karta ya ce, "To gwani, yi mana ɗaya." Nan take kai ya ɗaure. Cikin ashirin ɗin nan da ƙyar ɗaya zai zo, wanda ya zo ɗin ma ya tsaya a rabi, domin an manta ko a sama ake mayar da kashin ko a tsakiya. Saboda irin wannan lokaci aka rubuta jagorar nan: ba ka shirya ba, kartar ba taka ba ce, mutane kuma sun zuba maka ido.

Maganin abu huɗu ne. Ka rage yawan wasannin da kake riƙewa, ka ba kowanne mazauni a wurin da ka sani, ka ɗaure matakansa da maganar bakinka, sannan ka riƙa bita a kan tsari.

Sharaɗi biyu kafin a fara

Dabon da ake magana a nan lissafi ne da lura da sabon hannu. Babu aljani a cikinsa, babu tsafi, babu laya. Ka faɗa wa jama'a haka da bakinka kafin ka fara: "Wannan dabara ce, kowa ya koya zai iya." Wanda ya bar mutane suna zaton yana da wani asiri ya shiga yaudara, kuma daga nan ake zarcewa zuwa cin kuɗin bayin Allah da sunan duba.

Na biyu, kada kobo ya shiga tsakani. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana a kanta. Duk wasan da aka ƙulla shi a kan "zuba kuɗi in na kasa," ka bar shi tun daga wayar. Akwai kuma malamai da iyaye da yawa da ba sa son ganin karta ko da babu kuɗi, saboda tana cin lokaci tana shagaltarwa daga salla. Gidan da ba a so, kada ka fito da ita. Ka yanka kwali gida ashirin da ɗaya daidai wa daida, ka rubuta lambobi a kai. Huɗu daga cikin wasanni biyar da ke tafe suna yiwuwa da shi.

San kartar da za a miƙo maka

Bidiyon da ake koyo da shi galibi da karta mai kati 52 ake yin sa, mai sarki da sarauniya. Wadda za a miƙo maka a majalisa kuwa sau da yawa Whot ce. Wani Bature ɗan Ingila, William Storey, shi ya yi mata rajista a 1935, daga baya ta zama ta 'yan Najeriya. Tsarinta daban ne, kuma rashin sanin haka yana ɓata wasa tun kafin mantuwa ta zo.

Cikakkiyar Whot kati 54 ce, gida biyar da katin Whot mai lamba 20 guda biyar. Gidan da'ira, wanda 'yan wasa ke ce wa bol, kati 12 ne. Mai kusurwa uku, wato angul, shi ma 12. Kuros 9 ne, mai kusurwa huɗu da ake kira kafet shi ma 9, tauraro wato sta kuma 7. Babu lamba 6 da 9 a kartar gaba ɗaya. Lambobin 1, 2, 3, 5 da 7 suna cikin kowane gida. Lambobin 4 da 8 a bol da angul da sta kawai suke. Lamba 12 a bol da angul kaɗai take. Su kuma 10, 11, 13 da 14 suna ko'ina ban da sta. Ka baje taka a tabarma ka tabbatar da wannan da idonka, domin shi ne harsashin wasa na biyar.

Mantuwa iri uku ce

Mai dabo yana manta wane wasa zai yi, ko ya manta matakin da ke biye, ko ya manta katin da ya hango. Kowace da maganinta, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ce "ƙwaƙwalwata ce ba ta riƙo" ya zalunci kansa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce guda bakwai ko kusa da haka ba. Masu bincike na bayansa suka ce wajen huɗu ne ma. To ka duba nauyin da ke kanka a gaban jama'a: kana magana, kana lura da idon mai zaɓe, kana amsa wa mai tsokana, hannu yana aiki. Gurbin da ya rage wa tunani ƙanƙane ne. Duk dabarun da ke ƙasa manufarsu ɗaya, su sauke kaya daga wannan ɗan gurbi su mayar da shi inda ba ya buƙatar tunani.

Maganin farko: zaunar da wasanni a cikin gida

Wannan dabara tsohuwa ce. Mutanen Girka sun jingina ta ga mawaƙinsu Simonides, shekaru wajen 2,500 da suka wuce, Cicero na Rum kuma ya ba da labarinta. Da ita ake cin gasar hadda ta duniya da aka fara a Landan a 1991, wadda Dominic O'Brien ya lashe sau takwas. Tushenta shi ne mutum ba ya manta hanyar gidansu. Ko a duhu ka san daga dakali sai zaure, daga zaure sai tsakar gida. Idan ka ajiye abu a kowane wuri da idon zuci, tafiya kawai za ka yi ka tarar da shi.

Ka ɗauki gidan da ka tashi a cikinsa, ka ware wuri biyar bi da bi: dakalin ƙofar gida, zaure, tsakar gida, gindin rumbu, bakin rijiya. Wasa biyar za ka zaunar, kuma ka jera su gwargwadon abin da kowanne ke bukata: mara bukatar komai a bakin ƙofa, mai yawan sharaɗi can ciki.

A dakali, ka hango dogari da jar rigarsa ya riƙe hannun wani mutum gam. Wannan shi ne wasan katin shaida. Yana yiwuwa da kowace karta, ko ta yage ko ba ta cika ba, ko a tsaye kake.

A zaure, ka hango itace biyu a gicciye sun danne wata wasiƙa. Wannan wasan hasashe ne. Yana bukatar ɗan wurin ajiyewa da takarda da biro.

A tsakar gida, murhu ne mai duwatsu uku, an ɗaure ragon suna a gefensa. Wasan kati ashirin da ɗaya ke nan. Yana bukatar tabarma ko tebur.

A gindin rumbu, dami goma ne a jere. Haddar kati goma ke nan. Tana bukatar wurin da babu hayaniya.

A bakin rijiya, ana zura guga ana neman abin da ya faɗa. Wasan katin da ya ɓace ke nan. Shi ya fi son karta cikakkiya da natsuwa.

Amfanin wannan jeri shi ne yanayin wurin zai zaɓar maka wasa. An miƙo karta a tasha ana jiran mota ta cika? Tsaya a dakali. An shimfiɗa tabarma a wajen zaman abokan ango, kowa ya kasa kunne? Shiga har tsakar gida. Kada ka ƙara wasa na shida sai biyar ɗin nan sun zauna daram.

Magani na biyu: ɗaure mataki da magana

Kowane wasan karta yana rabuwa gida huɗu: shiri, zaɓi, aiki, bayyanawa. Ka samu ɗan littafi ka rubuta kowane wasa a layi huɗu kacal. Haka muke yi da lambar waya mai lamba 11, ba wanda ke faɗinta a dunƙule; huɗu ake faɗa, sannan uku, sannan huɗu. Bayan haka ka ba kowane mataki mai wuya jimla guda da za ka riƙa faɗa a fili, kullum ita ce ba canji. Jama'a za su ɗauka hira ce, kai kuwa umarni ne bakinka ke ba hannunka.

Ga wasan dakali. Shiri: bayan an cakuɗa an miƙo maka, ka saci kallon katin da ke ƙasan duka, shi ne shaidarka. Kada ka yarda shaidar ta zama katin Whot, domin su biyar ne iri ɗaya. In shi ka gani, ka sake cakuɗawa. Zaɓi: mutum ya zare kati daga tsakiya, ya nuna wa jama'a, ya ɗora shi a saman kartar. Aiki: ka ce, "Yanka ka binne shi," ya ɗebi na sama ya ajiye, ya ɗora na ƙasa a kai. Yanzu shaidarka tana kan katinsa. Ko ya ƙara yanka sau uku ba za su rabu ba, muddin bai cakuɗa ba. Bayyanawa: ka riƙa buɗewa daga sama ɗaya bayan ɗaya, katin da ya biyo bayan shaida shi ne nasa. Idan shaidar ta faɗo a ƙarshen duka, nasa shi ne na farkon da ka buɗe.

Ga wasan zaure. Shiri: ka san katin da ke saman duka, ka rubuta sunansa a takarda, ka ninke, ka ba wani dattijo a wurin ya riƙe. Zaɓi: mutum ya ɗebi rabin sama ya ajiye a tabarma. Aiki: ka ɗauki ragowar ka ɗora a kai a gicciye, kana cewa, "Mu sa alama a inda ka yanka." Daga nan ka ɗauke idonsu daga kartar da magana ta ɗan lokaci: ka tambayi mai riƙe da takarda ko wani ya taɓa ta, ka tambayi mai yanka ko wani ya tilasta shi. Wannan tazara ita ce ran wasan, kuma ita aka fi mantawa. Jimlar da za ta tuna maka ita ce, "Kafin mu duba, Baba, takardar tana hannunka?" Bayyanawa: ka ɗage kashin da ke gicciye, ka ce ya buɗe katin da ke saman na ƙasa, a karanta takarda.

Ga wasan tsakar gida. Murhu yana tuna maka layi uku, ragon suna yana tuna maka bakwai a kowane layi, tunda ranar bakwai ake suna. Shiri: ƙirga kati 21, ban da katin Whot. Zaɓi: ka raba su a buɗe, ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya can, har kowane layi ya samu bakwai, mutum ya zaɓi ɗaya a ransa, ya nuna maka layin kawai. Aiki: ka tattara, layin da ya nuna ya shiga tsakanin sauran biyun, kana cewa, "Baƙo a tsakiya ake sa shi." Ka sake rabawa, ya sake nunawa. Sau nawa? Jimlarka ita ce, "Sallama sau uku ake yi." Bayan tattarawa ta uku katinsa yana matsayi na 11 daga sama, lissafi ne da ba ya saɓawa.

Wajen bayyanawa mutanen yankinmu suna da wata sa'a. Sunan Kazaure harafi bakwai ne, Roni huɗu, jimla 11. Babura harafi shida, Gwiwa biyar, nan ma 11. Sai ka ce wa mai zaɓe, "Ina za mu je neman katin nan, Kazaure da Roni, ko Babura da Gwiwa?" Duk wanda ya zaɓa, ka riƙa ajiye kati ɗaya a kan kowane harafi kana faɗa a fili, ba tare da ƙirga kalmar "da" ba, G da W kuma kowanne da katinsa. Katin harafin ƙarshe shi ne nasa. Ka huta da riƙe lamba a ka, shi kuma zai tafi yana ganin shi ya zaɓi hanyar.

Magani na uku: mayar da kati hoto

"Bakwai na kuros" magana ce da ba ta da abin kamawa. Ka hango ta, wani ya yi maka tambaya, ka waiwayo ta zama "bakwai na kafet." Hoto kuwa yana maƙalewa. Saboda haka kowace lamba ka ba ta abu, kowane gida ka ba shi hali.

Ga jerin da za ka iya farawa da shi. Lamba 1 tabarya ce, don tsayuwarta. Lamba 2 takalmi, ƙafa biyu. Lamba 3 murhu. Lamba 4 jaki. Lamba 5 tafin hannu. Lamba 7 ragon suna. Lamba 8 tabarau, in ka kwantar da ita. Lamba 10 mai tallar nono da ƙwaryarta, irin waɗanda ke bayan takardar naira goma. Lamba 11 tagwaye a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Lamba 12 agogon bango. Lamba 13 babur, domin in ka matso da 1 kusa da 3 harafin B suke bayarwa. Lamba 14 cikakken wata na daren sha huɗu. Katin Whot kuma rawani.

Gidajen kuwa: abin da ke bol yana mirginawa. Na angul a soke yake a kan tsinke. Na kuros an naɗe shi da bandeji. Na kafet yana kan darduma. Na sta yana ci da wuta. Da haka bakwai na kuros ya zama rago da bandeji a ka. Sha biyu na bol, agogo yana mirginawa a ƙasa. Sha uku na kafet, babur an faka shi a kan darduma. Uku na sta, murhu wuta na tashi har sama. In wani hoto bai kwanta maka ba, ka canza shi tun yau, amma da zarar ka tsayar kada ka sake taɓawa.

Wannan shi ke tsare katin shaida. Da ka hango shi, kafin ka buɗe baki, ka mayar da shi hoto ka ɗora a kan dakali kusa da dogari. Ko an yi minti biyar ana gardama za ka dawo ka same shi.

Shi ne kuma dukan wasan rumbu. Amma haddar goma tana bukatar hanya ta daban, don kada hotunanta su cakuɗe da na gida. Ka ɗauki hanyar da ƙafarka ta saba, daga ƙofar gidanku zuwa kasuwa ko tasha, ka tsayar da zango goma: shagon tela, famfon unguwa, bishiyar da ake hira, ƙofar makaranta, da sauransu. Mutumin Kazaure yana iya sa ƙofar fadar Sarki, bakin dam da ƙofar kwaleji, gwargwadon yadda hanyarsa ta bi. Masallaci da maƙabarta a bar su, ba wurin ajiye hoton wasa ba ne. Mutum ya cakuɗa, ya buɗe maka kati goma ɗaya bayan ɗaya, kana ajiye kowanne a zangonsa. A kife su. Ka faɗe su daga farko, ka dawo da su daga ƙarshe, in an ce "na shida fa?" ka leƙa zango na shida. Nan babu ɓoyo ko kaɗan, hadda ce tsantsa, kuma ta fi burge manya. Ka tanadi hanya biyu, domin hotunan da ka ajiye da la'asar suna iya leƙowa in ka sake bin hanyar da daddare.

Wasan rijiya: lissafin katin da ya ɓace

Idan ka tara lambobin bol za su ba ka 90, angul ma 90, kuros 66, kafet 66, sta 30. Jimla 342. Ka ƙara 18 ya zama 360, wanda ke rabuwa ashirin-ashirin ba saura. A kan wannan aka gina wasan, kuma lamba biyu kawai za ka riƙe: 18 da 20.

Mutum ya zare kati ya sa a aljihu ba tare da ka gani ba. Ka karɓi sauran, ka riƙa wucewa da su a gaban idonka kana tarawa a zuci, ka fara daga 18. Duk lokacin da lissafi ya kai 20 ko ya wuce, ka zubar da 20. Misali, katin farko 5 ne: 23, saura 3. Na biye 14: 17. Na biye 8: 25, saura 5. Katin Whot ka tsallake shi, tunda 20 ne. In ka ga biyu a jere da suka haɗa 20, kamar 7 da 13, ko 8 da 12, ko 10 biyu, ka tsallake su tare. Da ka kai ƙarshe, ka cire abin da ya rage daga 20, amsar ita ce lambar da ke aljihu. Ka ƙare a kan 8, to 12 ce ta ɓace, kuma ka san bol da angul kaɗai ke da ita. Kallo ɗaya zai nuna maka wanda babu. Ka ƙare a kan 13, to 7 ce, sai ka sake wucewa da sauri ka ga wane gida cikin biyar ne ba shi da ita. In ka ƙare babu saura, katin Whot ne.

Kartar majalisa ba kasafai take cika ba. Saboda haka kafin wasan, yayin da ake hira, ka yi lissafin sau ɗaya a kan kartar duka. In ta cika za ka ƙare babu saura. In ka ga akwai giɓi, wato abin da ya rage kafin lissafin ya kai 20, misali 5, ka ƙara shi a kan 18 ɗin farawa: 23, wato ka fara daga 3, wasan zai tafi daidai.

Wanda ke da karta mai 52 tasa ta kansa zai ji labarin jerin Si Stebbins, ɗan wasan Amurka da ya yaɗa shi a 1898, ko da yake wani Horatio Galasso ya buga irinsa a Italiya tun 1593. Kowane kati yana ɗara na gabansa da uku, gidaje huɗu suna zagayawa a tsari ɗaya: 1, 4, 7, 10, 13, 3, 6, 9, 12, 2, 5, 8, 11, a koma 1. Ganin katin ƙasa ya isa ka san na sama. Juan Tamariz na Sifaniya ya wuce nan, ya koyar da haddace matsayin duka 52 a littafinsa Mnemonica. Waɗannan sai an jera karta tun daga gida, kuma ba sa hawa kan Whot saboda gidajenta ba daidai suke ba. Ka ajiye su sai gaba.

Bita: yadda hadda ke zama

Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna a 1885 cewa mafi yawan abin da mutum ya koya yana zubewa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa da tazara tana rage zubar. Mu nan ba baƙon abu ba ne. Alƙur'ani ya fi ƙarfin a haɗa shi da wasa, amma tsarin koyon da tsangayu suka gada darasi ne ga duk mai son riƙe wani abu: a ɗauki kaɗan, a biya da ka a gaban wani, ba a wanke allo sai ya zauna, kuma ba a barin tilawar baya don an samu sabo.

Ka bi wannan tsari. Wasa ɗaya a mako. Ranar da ka koya, ka yi shi da daddare ba tare da duba waya ko littafi ba. Ka sake washegari, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Sake kallon bidiyo ba bita ba ce; ido zai ce maka ka sani alhali hannu bai sani ba. Bita ita ce ka kife littafi ka yi, in ka maƙale ka yi ƙoƙarin tunowa tukuna kafin ka leƙa.

Ka riƙa faɗin jimlolin a fili ko kai kaɗai ne a ɗaki, domin baki da hannu su saba tafiya tare. Da wasa ya fara zama, ka ƙara masa wahala da gangan: kunna rediyo, ka sa ƙaninka ya riƙa katse ka da tambaya, ka gwada da tsohuwar karta mai manne wa juna. Kafin barci kuma, ba tare da karta ba, ka bi gidan nan da zuci daga dakali zuwa rijiya, a kowane wuri ka faɗi layi huɗun. Minti uku ya isa. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Idan mantuwa ta zo a tsakiyar wasa

Za ta zo wata rana, ko ga wanda ya ƙware. Kada ka yi shiru kana kallon karta. Shirun ne ke tona asiri. Ka maimaita jimlar ƙarshe da ka faɗa, sau da yawa ita za ta jawo ta gaba. In ba ta zo ba, ka miƙa kartar ka ce, "Cakuɗa kuma, mu ɗauko daga farko," ka koma wasan dakali wanda ba ya ba da kunya. Domin haka ka mayar da shi ɗabi'a: duk lokacin da karta ta dawo hannunka, ka san katin ƙasa. In kuma ka buɗe katin da ba shi ba ne, ka ce, "Wannan ya kufce mini," ka wuce. Kada ka ɗora laifi a kan mai zaɓe, balle in ya girme ka.

Kada ka maimaita wasa ɗaya ga jama'a ɗaya a zama ɗaya, ko sun roƙa. A karo na biyu hannunka za su kalla. Wasa uku sun isa zama guda. Da an kira salla ka tattara, ko a tsakiyar wasa ne. In yaro ya tsorata ya zaci asiri ne, ka ja shi gefe ka nuna masa wasan ashirin da ɗaya har ya iya da kansa.

Ɗan'uwa mai karatu, ka fara da abu kaɗan a makon nan: ƙirga kartar, tsayar da wurare biyar na gidanku, zaunar da wasan dakali shi kaɗai. Da ka ga gida da hanya sun riƙe maka kati goma, ka gwada su a kan darasin makaranta, da jerin saƙon kasuwa, da sunayen baƙi a wajen taro, ka kuma koya wa ƙannenka. Ribar da ta fi dabon ita ce haddar, kuma ita za ta bi ka har bayan ka ajiye karta. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare mu daga caca da yaudara.